Takobi da Sauro a Saman Benen Ulaisha

Safiyya, duk ranar Juma'a bayan la'asar kina jin wayar kakanki tana cika da muryoyin wasu tsofaffi biyu suna musu cikin harshen da ba ki sani ba, shi kuma yana tsakiya yana dariya har hularsa ta karkace. Rannan kin tambaye shi su wane ne, ya ce miki wasu maƙiya ne da ya sasanta da hannunsa. Ina kicin na ji shi, na yi shiru, don ba zan gyara masa zance a gaban jikarsa ba. Amma na ƙudurta zan rubuta miki yadda abin ya faru ki karanta idan kin girma, domin kakanki ya tsallake wurare biyu. Bai gaya miki cewa shi ya haɗa su faɗan ba, bai kuma gaya miki laifin da ni na yi ba.

A shekarar da na gama sakandare ne, ina zaman jiran jami'a. Muna hawa na biyu a wata tsohuwar imara, wato dogon benen haya, a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad, wadda matakalarta ke ƙamshin girkin ƙasashe biyar a lokaci guda. Abbana, wato kakanki, yana tuƙa motar kayan gwari daga kasuwar Aziziyya, ya fita da asuba ya dawo da ƙamshin albasa da na'ana'a a rigarsa. Shi Babarbare ne daga Damagaram, Inna kuwa Bafulatana ce daga wajen Maraɗi, don haka tun da na buɗe ido ban san gidanmu babu tsokana ba. Ya ce mata iska mai ƙarfi za ta iya ɗauke ta ta mayar da ita rugarsu ba tare da kuɗin jirgi ba, ta ce masa bawa ba ya magana uwargijiyarsa tana tsaye. Ni kuwa ina gefe da littafi a cinya, ina kallon tantabaru ta taga, ina harhaɗa baitoci a zuciya waɗanda ba na yarda in rubuta.

A hawan ƙasa akwai maƙwabta biyu da muke kira Ammu, yadda yaran Riyad ke kiran duk wani dattijo. Ammu Bashir mutumin Pakistan ne, dogo, gemunsa ja da lalle, aikinsa gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ammu Anwar mutumin Indiya ne, gajere mai tumbi da saurin dariya, yana kula da sito a wani kamfani a unguwar Ulaya. Tun ina rarrafe suke shan shayi tare a saman bene, suna buga wani wasan allo da ake harba ƙwayoyinsa da yatsa. A wurinmu dukansu 'yan Indiya ne. Inna tana ce musu Indiya Dogo da Indiya Gajere, Ammu Bashir ya yi shekaru yana gyara mata har ya gaji ya bari.

Wata Juma'a cikin sanyi, Abba ya gayyace su cin dambu a saman benen. Ina zuba musu shayi sai wani jirgin soja ya ratsa sama da ƙara. Na ga dukansu biyu sun tsaya da tauna, sun karkata kai gefe ɗaya kamar kaji sun ji shaho. Ammu Bashir ya faɗi wata magana a kan injinsa, Ammu Anwar ya ce a'a, ba haka ba ne. Abba ya tambaye su ina suka san injin jirgi. Suka dubi juna. Da ƙyar aka ja zancen ya fito: a samartakarsu kowannensu makanikin jiragen yaƙi ne, a yaƙi guda, lokacin da ƙasashensu suka gwabza, ɗaya a wannan gefen iyaka, ɗaya a wancan. Sun san haka game da juna tun shekarar farko da suka haɗu, kuma ko sau ɗaya ba su taɓa zancen ba.

Ban taɓa ganin Abba ya yi farin ciki irin na ranar ba. Ya ajiye cokali ya yi musu bayani cikin Larabcinsa na kasuwa cewa ashe su taubasai ne ba su sani ba. Ya ce a ƙasarmu duk mutanen da kakanninsu suka taɓa yaƙi, sai su zama abokan wasa, kowa ya tsokani kowa, ba fushi, ba kai ƙara. Ya nuna Inna da ke shigowa da tire ya ce ga misali nan, ita da danginta duk bayinsa ne. Inna ta ce ya ci gaba da mafarki. Daga nan ya tambayi sunayen jiragensu. Ammu Bashir ya ce nasu ƙirar Amurka ne, sunansa yana nufin takobi. Ammu Anwar ya ce wanda shi ya yi wa aiki ɗan ƙarami ne, asalinsa na Ingila, an sa masa sunan wani ɗan ƙwaro mai cizo kamar sauro. Abba ya buga cinya.

"To Malam Bashir, yanzu da girmanka da gemunka, sauro ne ya kayar muku da takobi?"

Ammu Anwar ya yi dariya ya ce ai duniya ta shaida. Ammu Bashir ya ce ƙaryar jaridu ce, babu sauron da ya taɓa kusantar jirginsu. Tun ana Larabci aka koma Urdu, tun ana nuni da yatsa aka koma buga tire. Abba yana ta murmushi yana zaton wasan ya kankama, sai da Ammu Bashir ya miƙe ya sauka ya bar shayinsa yana tururi. Sati biyu suka wuce allon wasansu na nan jingine da tankin ruwa, ƙura ta rufe shi.

Cikin wannan satin biyun ne kafilin Ammu Bashir, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya shaida masa ba za a sabunta iƙamarsa, takardar izinin zama, ba saboda shekaru, ya fara shirin tafiya gida gaba ɗaya nan da kwana arba'in. Inna ce ta fara gane girman abin. Ta ce wa Abba ta ji a wurin matan unguwa cewa mutanen ƙasashen nan biyu ba sa samun ziyartar juna cikin sauƙi, idan Dogo ya hau jirgi to shi ke nan, ba za su sake haɗuwa ba. Ta ce Riyad ce kaɗai garin da waɗannan bayin Allah za su iya zama a tabarma ɗaya, shi kuma ya zo da wasan Damagaram ya naɗe tabarmar. Abba ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya kai wa kowannensu kwandon rumman ya ce ɗayan ne ya aiko, suka gane ƙaryar tun kafin ya rufe baki, don duk rumman ɗin da tambarin dillalinsa na Aziziyya.

Ana haka Ammu Bashir ya aiko a kira ni. Ya ce ya ji ina da Turanci mai kyau, yana so in rubuta masa ainihin tarihin yaƙin sama kamar yadda ya faru, don jikokinsa da ba sa karanta Urdu, kuma don wani gajere ya gani ya ji kunya. Ina da wani littafi mai koren bango da na saya don waƙoƙina, na yi wata shida ina shafa shi ban iya ɗora masa alƙalami ba. Shi na ɗauko. Kullum bayan la'asar ya hawo falonmu ya zauna, Inna tana gefe tana tsince shinkafa, ni ina rubutu. Abba, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, ya gaya wa Ammu Anwar. Washegari sai ga shi a ƙofa yana cewa ba za a rubuta tarihi da ƙafa ɗaya ba. Littafi ɗaya gare ni, don haka na juya shi. Ammu Bashir daga farko, Ammu Anwar daga ƙarshe, ɗaya bayan la'asar, ɗaya da hantsin ranakun hutunsa, suna tafiya zuwa ga juna shafi bayan shafi ba tare da sun sani ba.

A falon nan na koyi yaƙin sama. Hannayensu ne jiragen. Ammu Bashir ya ɗaga tafukansa biyu ya nuna min yadda matuƙa ke kewaya juna a sama, kowa yana neman ya faɗo bayan ɗan'uwansa, domin wanda ya samu wutsiyar wani shi ke da rai. Ya ce takobinsu ya fi kowa iya kwana. Ammu Anwar ya ce ina amfanin iya kwana ga wanda bai ga abokin gabarsa ba, nasu don ƙanƙanta sai ya ciji mutum kafin a hango shi. Kowannensu ya rantse ɓangarensu ne ya fi kakkaɓo jirage, kowannensu yana da lissafinsa, kuma lissafin yana ƙaruwa idan shayin Inna ya yi daɗi. Amma akwai abubuwan da suka faɗa iri ɗaya, har nakan duba in tabbatar wane gefen littafin nake: jiniya da asuba, ramukan da suke faɗawa, ƙarfen jirgi mai sanyi da ke manne wa fatar hannu, shayin da ake mantawa a kan akwatin kayan aiki.

Ni kuwa tambayoyina ba na soja ba ne. Ina tambaya wane launi sama take yi, ko tsuntsaye suna gudu idan jirage sun tashi. Ammu Anwar yakan biye min. Ya ce gonakin da ke kewaye da filin jirginsu sun yi fure rawaya a lokacin, har wani matuƙi ya ce masa daga sama kamar an shimfiɗa wa amarya mayafi. Ammu Bashir kuwa sai ya ƙwanƙwasa tebur ya ce in rubuta lambar jirgi, ba gajimare ba.

Wata rana na tambaye shi abin da mutanen ƙasa ke yi bayan jiragen sun tashi sun ɓace. Na zaci zai ƙwanƙwasa tebur. Bai ƙwanƙwasa ba.

"Ƙirge muke yi, binti," in ji shi, don haka suke kirana, wato 'yata. "Mu ƙirga su sun tafi, mu ƙirga su sun dawo."

Ya ba ni labarin wani matuƙi, saurayi sa'ansa, mai yawan waƙa, wanda kullum kafin ya hau yakan cire hularsa ya ɗora wa Ammu Bashir a ka ya ce ya riƙe masa. A safiyar nan Ammu Bashir ya yi kwana biyu bai runtsa ba, ya canza wa jirgin wani bututun mai, ya sa hannu a takarda cewa komai lafiya. Huɗu suka tashi, uku suka dawo. Waɗanda suka dawo sun ce bayan sun tsallaka iyaka, sun yi kusan rabin awa a sama, sun ga hayaƙi na bin jirginsa, amma ba wanda ya ga abin da ya same shi. Tun daga ranar, shekara arba'in da ɗoriya, bai sani ba ko harsashin abokan gaba ne, ko kuwa hannunsa ne bai ɗaure bututun da kyau ba. Ya ce duk mukayyif ɗin da ya gyara a garin nan sai ya duba bututunsa sau uku, masu gida suna zaton tsabar kirki ne. Da ya gama ya ɗora yatsa a kan shafin ya ce wannan amana ce, kada kowa ya ji sai bayan ransa.

Kwana uku ina juya maganar. Na gane inda ya ɗaure kansa. Girman kansa ya hana shi yarda cewa abokan gaba za su iya taɓa takobinsa, kuma idan ba su ba ne, to saura hannunsa. Na gane kuma mutum ɗaya ne bayan shi a duk imarar nan da ya san bututun jirgi, yana hawan ƙasa, ƙofa biyu tsakaninsu. Na tuntuɓi Inna, wadda ta ji komai da kunnenta. Ba ta ja zance ba. Ta ce dattijo ya ce amana, to amana ce, ba ruwan yarinya da gyara abin da ya girmi ubanta. Na ce to. Saura kwana tara ya tafi. Da Ammu Anwar ya zo nasa zaman, na jira Inna ta shiga kicin, na juya littafin, na karanta masa shafin.

Bai yi dariya ba, karo na farko da na ga fuskarsa babu ita. Ya sa na maimaita masa wurin da aka ce rabin awa. Sannan ya ce bututun da ba a ɗaure da kyau ba tun wurin tashi yake tona kansa, lokacin da injin ke ba da duk ƙarfinsa, ba ya jira a tsallaka iyaka. Ya ce kowane makanike ya san haka, Bashir ma ya sani, sai dai mutum ba ya iya zama alƙalin hannunsa. Na tambaye shi ko ke nan su ne suka harbo shi.

"Ban sani ba, binti. Ina can nesa da wurin. Amma mun yi harbi da yawa a kwanakin nan." Ya shafa tumbinsa yana kallon taga. "Zan ɗauka. Ni ba zai hana ni barci kamar yadda yake hana shi ba."

Juma'ar ƙarshe Abba ya gayyaci Ammu Bashir cin abincin ban kwana a saman bene, ya rantse masa cewa gajere ba zai zo ba. A wannan karon da gaske yake, bai gayyace shi ba. Ammu Anwar da kansa ya hawo, yana haki, ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma kamar jiya ya tashi. Da Larabci ya yi magana, ina jin don mu zama shaida.

"Bashir, jirginka na huɗun nan, mu muka kakkaɓo shi. Bututunka lafiyarsa ƙalau."

Ammu Bashir bai dube shi ba. Ni ya duba. Ina riƙe da butar shayi, na ji kamar in narke in bi ta magudanar ruwan benen. Inna ma ta dube ni, nata kallon ya fi zafi. Sannan Ammu Anwar ya jawo tire, ya jera ƙwayoyin shinkafa, ya koma Urdu yana bayani a hankali yana zana layi da yatsa. Ammu Bashir ya yi masa wata tambaya a gajarce, aka amsa. Ya sake wata, aka amsa. Ya ɗauki ƙwayar shinkafa ɗaya ya matsar da ita, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ja gefen rigarsa ya goge fuska, ya ce hayaƙin garwashin Inna ya yi yawa. Babu garwashi a benen ranar.

"Ko da ku ne," ya ce da Larabci, "ba dai wannan sauron naku ba. Sai dai bindigar ƙasa."

"To bindigar ƙasa," in ji Ammu Anwar. "Ita ma ai tamu ce."

Ammu Bashir ya kira shi da wani suna a harshensu, wanda daga baya na ji yana nufin tulu mai ƙafa, suka fashe da dariya tare. Abba ya gyara zama, ya buɗe baki zai sa nasa. Inna ta tura masa kwanon dambu gaba ta ce, "Bawana, ci abincinka." Ya ci. An kakkaɓe allon wasa, suka buga har aka kira magariba, kuma sun buga kowace rana cikin kwanakin da suka rage.

Ni ce ban samu shiga ba. Ammu Bashir bai ƙara hawowa falonmu ba, tarihinsa ya tsaya a inda ya tsaya, shafuka goma sha ɗaya tsakaninsa da na Ammu Anwar har yau fari fat. Idan na gaishe shi a matakala sai ya ɗaga kai kawai. Inna kuma ta yi wata guda idan za ta yi magana da maƙwabciya sai ta ce in fita, kada ta wayi gari ta ji sirrinta a Indiya. Na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba, don mutumin nan shi ya koya min hawan keke a lungunmu. Ranar tafiyarsa, kayansa na cikin motar Abba inda aka saba loda tumatir, ya ce in kawo littafin. Ya buɗe shafin nan, ya yage shi a hankali ya ninke ya sa a aljihun ƙirji, ya miƙo min sauran.

"Kin ci amana, binti," ya ce. "Allah ya yi miki albarka. Kada ki sake."

Ban sake ba, Safiyya. Tun daga lokacin mutane da yawa sun ba ni sirrinsu, kuma kowanne yana nan inda aka ajiye shi. Har yau ban iya cewa na yi daidai ba, abin da na sani kawai shi ne abin da ya biyo baya. Bayan shekara biyu Ammu Anwar ma ya koma gida. Yanzu iyaka ce tsakaninsu, ita ce kuma suka taɓa ƙirga jirage a gefenta, amma duk Juma'a kakanki yana haɗa su a waya daga Ulaisha, ya zauna a tsakiya yana ganin taubasantakar da ya ce suna da ita tun farko. A nan kam ba zan yi masa musu ba.

Za ki ce to ga shi na rubuta miki sirrin. Kafin in ɗauki alƙalami sai da na karɓi wayar daga hannun Abba a Juma'ar da ta wuce, na gaishe da Ammu Bashir, na nemi izini. Ya ce ashe marubuciya ta koyi sallama kafin ta shiga ɗakin mutane. Ya yi tari, sannan ya ce in rubuta, sharaɗinsa ɗaya ne: in bayyana wa yarinyar a fili cewa bindigar ƙasa ce, ba sauro ba. Ina jiyo Ammu Anwar daga can wata ƙasar yana cewa kada in yarda, shi ma yana da gefensa a littafin.

To, na rubuta. Bindigar ƙasa ce. Idan kin juya takardar nan ta baya, za ki ga abin da ɗayan ya ce.